Prokope: ci gaba zuwa ina?

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan'uwa, shugaban matasa a ikkilisiyarsu. An ɗora masa koyarwa a taron matasa na ƙarshen shekara, kan maganar kuwa daga 1 Timoti 4:15 aka ɗauko, inda aka ce wa Timoti ya himmantu domin kowa ya ga ci gabansa. Ya ce ya taɓa jin wani mai wa'azi yana cewa kalmar Helenanci da ke wurin ita ce prokope, wai asalinta sojojin da ke shiga gaba da gatura suna sare daji don runduna ta wuce, saboda haka Allah zai share wa mai bi hanyar ƙarin girma a wurin aiki da buɗi a kasuwa. Yana so ya san ko haka ne, kuma ko ita ce kalmar da Sabon Alkawari yake amfani da ita a kan girma cikin ruhaniya.

Ɗan'uwana, sannu da ƙoƙari, kuma ka kyauta da ka tambaya tun ba ka hau bagade ba. Kalmar dai ita ce, mai wa'azin bai yi kuskure a nan ba. Labarin sojoji da gatura ne ba shi da tushe mai ƙarfi. Batun ƙarin girma kuwa yana cikin Helenancin kasuwa da bariki, amma babu aya ko ɗaya a Sabon Alkawari da ta yi amfani da kalmar a wannan ma'ana. Prokope matsawa gaba ce kawai. Ita kanta ba ta faɗin inda aka dosa, jimlar da ta zauna a ciki ce ke faɗa.

A dukan Sabon Alkawari wannan iyali na kalma sau 9 ya fito. Sunan, wato prokope, sau 3: Filibiyawa 1:12, Filibiyawa 1:25, da ayarka ta 1 Timoti 4:15. Aikatau ɗin, prokopto, sau 6. Da shi Luka 2:52 ya ce Yesu yana ta ƙaruwa da hikima da girma da tagomashi. Da shi Romawa 13:12 ta ce dare ya yi nisa, gari ya kusa wayewa. Da shi Bulus ya ce a Galatiyawa 1:14 ya zarce tsararrakinsa da yawa a addinin Yahudanci. Sauran ukun duk a 2 Timoti suke, 2:16 da 3:9 da 3:13, kuma duk a kan malaman ƙarya da mugaye ake magana. To ka lissafa da kanka: cikin tara, biyu kacal ne suke magana a kan mai bi yana ci gaba cikin bangaskiyarsa. Kalmar da aka yi wa dare, aka yi wa mai tsananta wa ikkilisiya, aka yi wa 'yan ruɗi har sau uku, ba za a ce ita ce keɓaɓɓiyar kalmar ruhaniya ba. Shi ya sa mai fassara nagari ba ya sa mata kalmar Hausa ɗaya a ko'ina. Wani wuri yaɗuwa ce ta dace, wani wuri ƙaruwa, wani wuri zarcewa, a Romawa kuwa babu abin da ya kai "dare ya yi nisa".

Yanzu maganar gatura. Kalmar gaɓa biyu ce: pro, wato gaba, da kopto, wato sara ko bugu. Kopto ɗin nan shi ne a Matiyu 21:8, inda jama'a suka sassaro rassan itatuwa suna shimfiɗawa a hanya, shi ne kuma a Luka 23:27, inda mata suke bugun ƙirji suna kuka a bayan Yesu. Yadda aka yi "sara gaba" ya koma "ci gaba" kuwa, masu ƙamus ba su yi ittifaƙi ba. Wasu sun ce daga masu sharar hanya ne, kamar yadda ka ji. Wasu sun ce daga maƙera ne, yadda ake bugun ƙarfe har ya miƙe ya yi tsawo. Wasu kuma sun fi karkata ga matuƙan jirgin ruwa, jirgi yana kutsawa duk da dukan iska da igiyar ruwa. Uku ɗin nan duk hasashe ne. Na sojoji ya fi yawo a bakin masu wa'azi ne don ya fi daɗin faɗa.

Ko da ma an tabbatar da ɗaya daga ciki, ba zai amfane ka sosai ba, domin mai magana ba ya tuna asalin kalma lokacin da yake furta ta. Dubi namu "ci gaba". Da wani Baheleni zai zo ya koyi Hausa, ya ga "ci" ya ga "gaba", ya koma garinsu yana wa'azi cewa Hausawa sun ɗauki bunƙasa a matsayin cinye abin da ke gabanka, ai dariya za mu yi masa. Mai cewa "ci gaba da magana" ba ya tunanin tuwo. Haka Bulus, da ya ce dare ya prokopto, babu gatari a zuciyarsa. Wani masani ɗan Sikotlan, James Barr, ya yi wa wannan ɗabi'a ta haƙo saiwar kalma a gina tauhidi a kai kaca-kaca a littafinsa na 1961 kan ma'anar harshen Littafi Mai Tsarki, kuma tun daga lokacin ake gargaɗin ɗalibai a makarantun tauhidi. Gargaɗin dai bai kai bagade ba tukuna.

Idan kana so ka ji yadda talaka yake amfani da kalmar, akwai wata wasiƙa da aka tono a Masar, an rubuta ta a kan takardar papiras a ƙarni na 2 bayan haihuwar Almasihu, yanzu tana ajiye a Berlin. Wani saurayi ne mai suna Afiyon, ɗan wani ƙauye a yankin Fayum, ya shiga sojan ruwa na Roma, aka kai shi Misenum kusa da Nafoli. Ya rubuto wa mahaifinsa cewa ya isa lafiya, ya gode wa gunkinsu Serafis da ya cece shi a teku, an ba shi tsabar zinariya uku kuɗin hanya, an kuma raɗa masa sabon suna irin na Romawa, Antoniyus Maksimus. Sai ya ce wa uban: ka ba ni tarbiyya mai kyau, ina sa rai ta dalilin haka zan yi saurin ci gaba, in alloli sun yarda. Aikatau ɗin da ya sa shi ne namu, abin da yake nufi kuwa ƙarin igiya. Ka ga ke nan mai wa'azinka ba ƙirƙiro ma'anar ya yi ba, tana nan a harshen. Har yau ma a ƙasar Girka, in an ce mutum ya yi prokopi, ana nufin ya zama wani abu a rayuwa. Yosifus, Bayahuden nan mai rubuta tarihi, da yake ba da labarin kansa ya yi amfani da kalmar wajen yabon yadda ya yi fice a karatu, har ya ce yana ɗan shekara wajen 14 manyan firistoci suna zuwa yi masa tambaya a kan Shari'a. A 2 Makabiyawa 8:8 kuma an yi amfani da ita a kan Yahuza Makabi yana samun galaba kaɗan-kaɗan a fagen yaƙi. Kalma ce ta kowa da kowa: ɗalibi, soja, ɗan kasuwa.

Amma akwai wasu mutane da suka mai da ita kalmar sana'arsu, kuma ya kamata ka san su, domin Bulus ya yi muhawara da su a Atina kamar yadda Ayyukan Manzanni 17:18 ta nuna. Su ne Sitokiyawa, mabiyan Zino wanda ya fara koyarwa a Atina wajen shekara 300 kafin haihuwar Almasihu. Koyarwarsu a kan halin kirki tana da tsauri ƙwarai. A wurinsu mutane kashi biyu ne, mai hikima da wawa, babu na tsakiya. Suna ba da misali da mutumin da ya nutse: wanda yake kamu ɗaya ƙarƙashin ruwa da wanda yake zurfin gaba 500, duk numfashi ya gagare su. To ina za a ajiye mutumin da ya kama hanya, yana ƙoƙari, amma bai kai ba? Shi ne suka kira prokopton, mai ci gaba. Har yanzu a cikin ruwa yake, sai dai yana yowa sama.

Efiktetus, wani malamin Sitokiyawa wanda aka haifa bawa a Hirafolis wajen shekara ta 50, garin nan da aka ambata a Kolosiyawa 4:13, ya yi darasi sukutum a kan prokope, almajirinsa Ariyan ya rubuta mana shi. A ciki yana yi wa ɗalibin da ke auna ci gabansa da yawan littattafan Kirisifus, babban malaminsu na dā, da ya haddace ba'a. Ya ce kamar ka ce wa ɗan wasan motsa jiki ya nuna maka kafaɗunsa ne, shi kuma ya ce ga duwatsun da nake ɗagawa. Ni ba duwatsu na tambaya ba, in ji shi, abin da suka yi wa jikinka nake so in gani. Fulutak, wani marubuci Baheleni, ya rubuta maƙala guda a kan yadda mutum zai gane yana ci gaba a halin kirki. Seneka, ɗan'uwan Galiyo mai mulkin Akaya da aka gurfanar da Bulus a gabansa a Ayyukan Manzanni 18, ya kasa masu ci gaba aji uku a wasiƙarsa ta 75, shi da Latin ya rubuta. Filo na Iskandariya, Bayahude, ya ɗauki tsarin ya shigar da shi cikin sharhin Attaura: mafari, mai ci gaba, kammalalle. Wannan tsani mai hawa uku ya daɗe, har Toma Akwinas, masanin tauhidin Kirista, ya yi aiki da shi a ƙarni na 13. Mafi yawan abin da Kiristoci ke ji a ransu in an ce matakan ruhaniya, ta wannan hanya ya biyo.

Shin daga wurinsu Bulus ya aro? Tarsus, garinsu, ta yi suna da malaman Sitokiyawa, irin su Atenodorus da ya koyar da Kaisar Augustas, don haka da wuya a ce bai san yadda suke amfani da ita ba. Amma kalmar tana bakin kowa, ba sai an shiga ajin falsafa ake jin ta ba, kuma Efiktetus da Fulutak bayan Bulus suka yi koyarwarsu. Ni abin da na fi ba muhimmanci shi ne inda Bulus ya zaɓi ya ajiye ta.

Wuri ɗaya tak ya yi amfani da ita a kan kansa, shi ne Galatiyawa 1:14, kuma a kan rayuwarsa ta kafin hanyar Dimashƙu. Karanta tare da aya 13. Yana cewa: kun ji yadda nake a dā, yadda na tsananta wa ikkilisiyar Allah fiye da kima ina neman rushe ta, ina kuma ci gaba a Yahudanci fiye da tsararrakina da yawa, don na fi su kishin al'adun kakannina. Jimla ɗaya ce, tsanantawar da ci gaban a haɗe suke. Wannan ba zagin Yahudawa ba ne, Bulus Bayahude ne har ya mutu. Abin da yake nunawa shi ne irin awon da yake yi a lokacin. Ɗalibin Gamaliyel ne, yana duban sa'o'insa yana ganin ya bar su a baya, kuma ba ƙarya yake ba, ya bar su ɗin. Ga karatu, ga himma, ga shaidar manya. Duk da haka kowane taku da ya ƙara, nesa yake yi da abin da Allah yake aikatawa. Idan akwai ayar da matasa masu ƙwazo suke bukatar ji, wannan ce, musamman waɗanda suke cin gasar haddar ayoyi, suke jan waƙa, ake nuna su ana cewa ku yi koyi da wane. Irin ci gaban da ake aunawa da "na fi tsarana", Bulus ya yi shi har ya ƙure, daga baya a Filibiyawa 3:7-8 ya lasafta shi hasara, har ya kira shi da kalmar da ake kiran juji da ita.

Bayan haka, duk lokacin da ya ɗauko kalmar da alheri, ba a kansa yake ɗora ta ba. A Filibiyawa 1:12 yana ɗaure. Mafi yawan masana sun ce a Roma ne, wajen shekara ta 60 zuwa 62, wasu kuma sun ce Afisa. Mutanen Filibi sun aiko Abafaroditas da gudummawa, hankalinsu a tashe, suna ganin an rufe manzo aiki ya tsaya. Sai ya ce musu: ina so ku sani, 'yan'uwa, abin da ya same ni sai ma ya zama prokope ga bishara. Akwai ƙaramar kalma a jimlar, mallon, wadda ke ɗauke da ma'anar "sai ma", wato akasin abin da kuke zato. Ya kawo shaida biyu. Masu gadin fada da sauran jama'a duk sun san saboda Almasihu aka ɗaure shi, 'yan'uwa kuma sun ƙara ƙarfin hali wajen faɗin Maganar. Har waɗanda suke wa'azi don hassada da neman ƙara masa baƙin ciki, ya ce ba komai, muddin Almasihu ake shela. Lura da wanda ya ci gaba a nan. Bulus yana nan inda yake, da sarƙa a hannu. Bishara ce ta yi tafiya.

Akwai ƙanwar wannan kalma da za ta taimake ka, enkope, daga saiwa guda, ma'anarta tarewa ko datse hanya. Da aikatau ɗinta ya tambayi Galatiyawa a 5:7, kuna gudu da kyau, wa ya tare ku? Da shi ya ce wa Tasalonikawa Shaiɗan ya hana shi zuwa wurinsu. A 1 Korantiyawa 9:12 kuma ya ce yana da ikon a biya shi ladan aikinsa, amma ya haƙura da wannan haƙƙi don kada ya zama enkope ga bisharar Almasihu. Mutumin da ya bar albashinsa don kada bishara ta yi tuntuɓe, da wuya a ɗauki kalmarsa a mai da ita alkawarin ƙarin albashi.

Sai Filibiyawa 1:25, ɗaya daga cikin ayoyi biyun da ke magana kai tsaye a kan abin da ka tambaya. Bulus yana tsaka mai wuya: ya fi son ya tafi ya zauna da Almasihu, amma ya ga zamansa ya fi amfanar su. Sai ya ce zai zauna domin ci gabanku da farin cikinku cikin bangaskiya. Abu biyu ke nan da Helenancin ya nuna. Na farko, "ku" ɗin jam'i ne, ikkilisiya ce gaba ɗaya ke tafiya, kuma sauran wasiƙar ta nuna yadda tafiyar take: su tsaya da nufi ɗaya, kowa ya ɗauki ɗan'uwansa ya fi shi, Afodiya da Sintiki su shirya. Na biyu, ci gaba da farin ciki an ɗaure su da ƙulli ɗaya a nahawun jimlar, duka biyun na bangaskiya ne. Mabiyin Sitokiyawa yana hawa shi kaɗai, da ƙarfin nufinsa, yana bincikar kansa kowane dare. A nan kuwa wani yana jinkirta tafiyarsa wurin Ubangiji don waɗansu su ƙaru, kuma tun a 1:6 an riga an faɗi wanda ya fara aikin da wanda zai kammala shi. A 2:12-13 an haɗa biyun: ku yi ta aikin cetonku da tsoro da rawar jiki, gama Allah ne ke aiki a cikinku.

Ayoyi ukun 2 Timoti kuwa ba'a ce a cikinsu, irin ba'ar da Bahaushe ya riga ya tanadar wa suna: ci gaban mai haƙar rijiya. Da alama malaman da ake magana a kansu suna ɗaukar kansu a matsayin waɗanda suka yi nisa, sun wuce koyarwar yara. Himinayas da Filitas har cewa suke tashin matattu ya riga ya faru. Sai aka ce, ƙwarai za su ci gaba, cikin rashin tsoron Allah, maganarsu kuma za ta yi ta ci kamar ruɓaɓɓen gyambo. A 3:13 aka ce mugaye da 'yan ruɗi za su ci gaba zuwa mafi muni, suna ruɗi ana ruɗinsu. Mai karatu da lura zai ce to ai 3:9 ta ce ba za su ci gaba ba. Babu saɓani. A 3:9 ana maganar tasirinsu ne a kan jama'a, asirinsu zai tonu kamar na Yannisa da Yambarisa da suka yi wa Musa tsayayya. A 3:13 kuma ana maganar halinsu ne, wanda kullum ƙara zurfi yake. Irin wannan gargaɗi yana 2 Yahaya 9 ma, da wata kalma dabam, a kan wanda ya yi gaba bai tsaya cikin koyarwar Almasihu ba.

To mu dawo ayarka. Kada ka karanta 4:15 ita kaɗai, fara daga aya 6, ko aƙalla 12. Timoti yana Afisa, matashi ne, an bar shi cikin dattawa da masu gardama. Ba a ce masa ya nemi a girmama shi ba. An ce ya zama gurbi a magana, da hali, da ƙauna, da bangaskiya, da tsarkaka. An ce ya lazimci karanta Littattafai a gaban jama'a, da gargaɗi, da koyarwa, kada kuma ya yi sakaci da baiwar da aka ba shi lokacin da dattawa suka ɗora masa hannu. Sa'an nan aya 15 ta zo da umarni biyu gajeru. Na farko, ka yi ta aikata waɗannan. Na biyu, in aka bi Helenancin kalma da kalma, "ka kasance a cikinsu", wato ka nutsa, su zama su ne sana'arka. Sakamakon shi ne ci gabanka ya bayyana ga kowa.

Wannan "ga kowa" shi ne abin da nake so ka dakata a kai tare da matasanka. Ba a ce Timoti ya ji a ransa ya ci gaba ba, ba a kuma ce ya ba da shaida a gaban taro cewa ya ci gaba ba. An ce a gani. Kuma abubuwan da aka jera duk masu ganuwa ne. Ɗan zumunta da bara in an saɓa masa sai ya fice daga rukunin WhatsApp ya daina zuwa koyon waƙa, bana aka ga ya zauna an gama magana. Ma'ajin matasa da ya kawo lissafin kuɗin taro har na ruwan leda, ba tare da an bi shi ba. Wanda ake ba karatun Littafi ranar Lahadi, dā yana in'ina a kan sunayen Ibraniyawa, yanzu ya karanta wurin a gida tun daren Asabar, tsohuwar da ke bencin baya tana jin kowace kalma. Irin waɗannan ne ayar take nufi, ba wani abu mai zurfi da sai an yi wahayi ba. Akwai kuma sauƙi a ciki da mutane ba sa lura: tunda ci gaba aka ce a gani, an yarda ke nan Timoti bai kai ba. Shugaban da ke ɓoye kasawarsa ba yadda za a yi a ga ya ƙaru, domin ba wanda ya san inda ya taso. Aya 16 ta rufe da dalilin duka: ka kula da kanka da koyarwarka, gama ta haka za ka ceci kanka da masu jinka.

Game da buɗi da ƙarin girma, ban ce Allah ba ya bayarwa ba, ban kuma ce laifi ne matashi ya roƙa ba, a ƙasar da mai digiri ke yawo da takardu shekara da shekaru. Cewa nake wannan ayar ba ta yi alkawarinsa ba. Wasiƙar nan da kanta, a 6:5, ta tsawata wa masu ɗaukar ibada hanyar samun riba. Wanda yake neman ayar fatan alheri a harkokin duniya ya duba 3 Yahaya 2. Kalmar can dabam ce, euodoo, tafiya ta yi kyau, kuma gaisuwar buɗe wasiƙa ce zuwa ga Gayus, addu'a ce ta aboki ga aboki.

Idan kuma girma cikin ruhaniya kake so ka koyar gaba ɗayansa, prokope ba za ta ɗauke shi ita kaɗai ba. Kalmar da ta fi yawa a wannan fanni ita ce auksano, girma irin na shuka da na jariri. Ita ce a 2 Bitrus 3:18, ku yi girma cikin alheri da sanin Ubangijinmu, ita ce a 1 Bitrus 2:2 wajen madara, ita ce kuma a 1 Korantiyawa 3:6, ni na shuka, Afolos ya yi banruwa, Allah ne ya girmar. Akwai teleyos, balagagge ko kammalalle, kamar a Ibraniyawa 5:14. Akwai hagiyasmos, tsarkakewa, a 1 Tasalonikawa 4:3. Akwai kuma Filibiyawa 3:12-14, inda Bulus yake bayyana tafiyarsa ta yanzu, kuma abin lura bai koma ga prokope ba. Ya ce ban riga na samu ba, ina dai bi, ina miƙawa ga abin da ke gaba. Daga wannan miƙawa ce Giregori na Nisa, wani malamin ikkilisiya a ƙarni na 4, ya gina koyarwarsa cewa kusantar Allah ba ta da iyaka, domin shi Allah ba shi da iyaka.

Wata ƙila a lokacin tambayoyi wani ya ɗago Luka 2:52, ya ce in Yesu Allah ne yaya zai ƙaru da hikima? Ka shirya, tambayar ta tsufa. Mabiyan Ariyus, masu cewa Ɗan bai kai Uba ba, sun riƙe wannan aya a gardamar da ta kai ga taron Nikiya a 325 da wadda ta biyo bayansa, suna cewa wanda ke ci gaba ai bai cika ba tun farko. Atanasiyus na Iskandariya ya ba su amsa cewa ci gaban na mutuntakar da ya ɗauka ne. Luka dai yana maimaita abin da aka faɗa ne a kan yaro Sama'ila a 1 Sama'ila 2:26, yana nuna Yesu ya yi yarinta ta gaskiya, ya koyi abu bayan abu a gidan Nazarat. Kalmar da aka fassara "girma" a wurin tana iya nufin shekaru, tana iya nufin tsayi, ita ce aka yi amfani da ita wajen gajartar Zakka a Luka 19:3.

Idan kana da manhajar Littafi Mai Tsarki mai lambobin Strong (lambobin da aka ba kowace kalmar asali) a wayarka, prokope ita ce 4297 a sashen Helenanci, prokopto kuma 4298. Buɗe ayoyi taran, ka raba matasan rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ɗauki aya ɗaya ko biyu ya amsa tambaya uku: wa ko me ke ci gaba a nan, zuwa ina, wa kuma ya amfana? Ka bar 1 Timoti 4:12-16 ta zo a ƙarshe, bayan sun ji ta Galatiyawa da na 2 Timoti. Wajen furuci kuma, nauyin murya a gaɓar ƙarshe yake, pro-ko-PE, Girkawan yau kuwa pro-ko-PI suke cewa. Sau ɗaya ka faɗe ta ya isa, sauran koyarwar ka yi ta da Hausa.